Ƙofar da ke Ƙasan Rijiya

Ranar Asabar ta farko a dogon hutu, shekarar da na gama aji huɗu na firamare, ina tsugune a tsakar gida ina kankare tukunyar tuwon jiya, sai ga Kawu Isa, ƙanen mahaifiyata, ya yi sallama da jaka a kafaɗa, takalminsa duk jar lakar hanyar Kurudu. Direban babbar mota ne, kuma duk zuwansa sai ya zo da abin da zai hana mu zaman lafiya. Bayan ya sha kunu ya buɗe jakar, ya fito da wani ɗan akwatin roba, da wayoyi a cukurkuɗe, da abin dannawa guda biyu waɗanda daga baya muka riƙa kira hannu, da kaset ɗaya tak wanda takardar jikinsa ta yage, babu suna, sai rabin hoton ƙafar mutum. Ya ce gem ne, na 'ya'yansa ne da ke Lafiya, amma aiki ya sake juya shi kudu, sai ƙarshen hutu zai biyo ya ɗauka. "Ku yi ta bugawa," in ji shi, "amma ranar da na dawo ba na son jin kuka." Mama ta galla masa harara, don ta san daga ranar aike ya zama sai da faɗa.

A lokacin muna haya ne a gidan Baban Ladi, manomin doya, Bagwari, wanda ya yanki gefen filinsa ya jera ɗakuna don masu zuwa neman aiki Abuja. Bayan ɗakunan akwai rumbuna da bishiyar mangwaro, daga nan sai gona har gindin dutse. Ladi sa'ata ce, tare muke zuwa rafi da safe, ni da tulu a ka, ita da nata a kafaɗa kamar yadda matan gidansu ke ɗaukar kaya, kowace tana yi wa 'yar'uwarta dariya. Mu dawo mu share tsakar gida, mu kore akuyoyi daga shanyar masara, in aiki ya ƙare mu zana 'yar gala-gala a ƙasa ko mu zauna carafke. Gem ɗin Kawu ya zo ya kashe duk waɗannan. Talabijin ɗinmu ƙarami ne, marar kala, baƙi da fari, wanda Baba ya taho da shi tun daga Zariya. Wuta kuwa ba ta da alkawari. Yawanci takan zo bayan azahar ta yi awa biyu ko uku. Da an ga ƙwan ɗakin Mama ya kama, sai ka ga yara suna fitowa daga ko'ina, har wanda aka aika niƙa ya ajiye kwanon a hanya.

Wasan kansa na wani ɗan mutum ne mai hula, da aka jefa cikin wani tsohon gini marar iyaka. Ba a faɗa maka inda za ka. Akwai matakala, akwai ramuka, akwai jemagu da wasu halittu masu tsalle, akwai kuma ƙofofi a rufe nan da can. Rubutun da ke fitowa ba Turanci ba ne, balle Hausa. Kuma abin ba ya tuna inda ka tsaya: da an ɗauke wuta, gobe daga farko za a sake. Dokarmu ita ce wanda ya mutu ya miƙa hannu ga na gaba. Yayana Sani, da ya girme ni da shekara uku, shi ne gwani. Yatsunsa kamar ba nasa ba, yana tsallake rami uku ba tare da ya numfasa ba. Ni kuwa, gaskiya, ban iya tsalle ba. Abin da ke ja na daban ne. In hannu ya zo gare ni sai in tsaya ina dukan bango, ina leƙa lungu, ina sauka inda kowa ya ce ba komai. Yara su yi ta ihu wai ina ɓata musu wuta. Ina jin haushinsu, amma na kasa bari, domin ban ga dalilin da wani zai zauna ya zana lungu ba in ba ya ɓoye wani abu a ciki.

Da na ga surutu ya yi yawa, sai na ɗauko ragowar littafin lissafina na fara zana taswira. Ɗaki bayan ɗaki, matakala bayan matakala, inda jemage yake, inda ƙasa ke ruftawa. Ladi ce mai tuna mini abin da ya wuce da sauri. A mako na uku taswirar ta kai mu ga wani mabuɗi a saman hasumiya, Yaya Sani ya ɗauko shi, hoton mabuɗin ya fito a kusurwar talabijin, muka yi ta tsalle har Mama ta leƙo da muciya a hannu. Kusa da wurin akwai wata babbar ƙofa. Muka nufe ta da murna, ɗan mutumin ya tura, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Muka gwada washegari, muka gwada jibi, da gudu, da tsalle, da danna maɓallai biyu tare. Wani yaro ya ce sai an hura kaset, aka hura har da yawu. Daga ƙarshe Yaya Sani ya yanke hukunci irin na manya, ya ce kaset ɗin jabu ne, wasan a nan ya ƙare.

Ni ban yarda ba, kuma ina da dalili. Saboda yawan zura ido don zane, na lura ƙofofin ba iri ɗaya ba ne. Wasu sun fi wasu duhu, kaɗan dai, yadda sai ka matso har hancinka ya kusa taɓa gilashi za ka gani. Babbar ƙofar nan mai haske ce, mabuɗinmu kuwa mai duhu. Kuma a shafin farko na taswirata akwai wata 'yar ƙofa a ƙasan rijiya, kusa da inda ake farawa, wadda muka taɓa turawa tun ba mu da mabuɗi muka manta da ita. Tun a lokacin na cike ta da fensir baƙi ƙirin. Na ce a koma can. Komawar kuwa sai an bi ta wata gada mai ruftawa, wadda ni ban taɓa haye ta da rai ba, sai Yaya Sani. Shi kuma ya ce ba zai ɓata wutar yini guda a kan idon yarinyar da ke ganin abin da babu ba. Suka sa mini suna Mai-gani-har-hanji, suna faɗa suna dariya. Na yi kuka a bayan rumbu, ba don sunan ba, don ina da tabbacin abin da na gani kuma ba ni da hannun da zan nuna shi. Ana cikin haka wani direba ya kawo saƙo cewa Kawu Isa zai iso ranar Asabar.

Ranar Alhamis Maman Ladi ta tafi da mu gona cire ciyawa a tsakanin kunyoyin doya. Ina ta ƙunƙuni a kan ƙofa mai duhu da mai haske, Ladi tana ji. Ita takan kai wa matar Oga Bitrus ruwa, wani ma'aikacin gwamnati mutumin Filato da ke haya a ɗakin ƙarshe, wanda shi kaɗai ke da talabijin mai kala a gidan. Sai Ladi ta miƙe, ta share gumi, ta ce da irin Hausarta: "Wannan mata mai karanta labarai, ɗankwalin shi ja ne fa a ɗakin Oga. A naku ne yana baƙi." Ta faɗa ne kawai ta sunkuya ta ci gaba da aiki. Ni kuwa na tsaya da ciyawa a hannu. Ashe duhun da nake gani ba duhu ba ne, wani launi ne talabijin ɗinmu ya haɗiye. Mako shida muna buga wasan nan alhali rabin abin da wasan ke faɗa mana bai taɓa isowa ɗakinmu ba.

Roƙon Oga Bitrus ba ƙaramin aiki ba ne, don mutum ne mai ƙa'ida, talabijin ɗinsa ma lulluɓe yake da farin ƙyalle mai ado. Maman Ladi ce ta yi mana magana da matarsa, matar ta yi masa. Ranar Asabar, da wuta ta zo, ya tsaya a bakin ƙofa da jarida a hannu ya ce: "Oya, ku shigo, ku uku kawai. Ku cire takalmi, kuma kar wanda ya taɓa mini eriya." Shi da kansa ya haɗa wayoyin. Sai ga hoto ya fito. Ɗan mutumin da muka sani toka-toka ashe rigarsa rawaya ce. Bangon da muke ɗauka dutse ne ashe ganye ya lulluɓe shi. Yaya Sani ya bi taswira har hasumiya ba tare da ya mutu ko sau ɗaya ba, ya ɗauko mabuɗi, sai ga shi ja wur. Ya matsa gaban babbar ƙofa: shuɗiya ce. Bai dube ni ba. Ya dai juya ɗan mutumin ya kama hanyar komawa.

Yana tsakiyar gadar nan mai ruftawa muka ji ƙarar babbar mota a bakin hanya, da muryar Mama tana yi wa ƙanenta sannu da zuwa. Ladi ta damƙe hannuna. Yaya Sani ya haye gada, ya sauka matakala, ya faɗa rijiya, ga 'yar ƙofata nan ja kamar mabuɗin. Kawu ya riga ya tsaya a bakin ɗakin Oga yana gaisawa, yana cewa sauri yake, yana son ya kai Lafiya kafin magariba. Sai Yaya Sani ya yi abin da ban taɓa zato ba. Bai mutu ba, layi bai zo kaina ba, amma ya miƙo mini hannun ya ce, "Ƙofarki ce, buɗe." Na karɓa, na tura. Ta buɗe. A bayanta ba ɗaki ba ne, wata duniya ce sabuwa: ruwa yana zuba daga sama, koren bishiyoyi, hanyoyi uku kowace ta nufi inda ba a gani, da wata koriyar ƙofa can nesa. Na yi taku huɗu ko biyar ina kallo baki buɗe, na manta akwai rami, na faɗa ruwa na mutu. Har Oga Bitrus sai da ya yi dariya. Kawu ya zare wayoyinsa ya naɗe. Ban yi kuka ba, kamar yadda ya nema. Na zauna a bakin rumbu na zana abin da na gani a shafin ƙarshe kafin ya gushe mini.

Yau gonar Baban Ladi ta zama rukunin gidaje mai katanga da maigadi, hanyar rafi kuma ba a ma san inda ta bi ba. Ladi tana koyarwa a Bwari, Yaya Sani yana musanta cewa ya taɓa kirana da wancan suna. Ni kuwa har yanzu, in na samu sarari bayan aiki, nakan nemi irin waɗannan wasanni a waya, masu rufaffun ƙofofi da hanyoyin da sai an koma baya. Na gwada da dama. Na lura ba cin nasara nake nema ba, don da yawa ban kai ƙarshensu ba kuma bai dame ni ba; abin da nake nema shi ne lokacin nan da za ka tsinci mabuɗi, sai wata ƙofa da ka wuce tuntuni ta faɗo maka a rai. Shekarun baya na ba 'yata Amina labarin, na nuna mata littafin, takardunsa sun yi ja. Ba ta ɗauki rabin awa ba ta zo da waya a hannu, ta gano wasan daga hular mutumin da rijiyar, har da bidiyon wani da ya buga shi daga farko zuwa ƙarshe. "Mami, ga wurin ruwan nan, bari ki ga inda hanyoyin suka je." Na ga koren bishiyoyin, na ji idona ya kawo ruwa, sai na sa tafin hannuna na rufe wayar. Na ce ta kashe bidiyon, ta nemo mini yadda zan buga da kaina, ko da zan shekara ina faɗawa ruwa. Ta dube ni kamar na zautu, ita da komai ke zuwa mata a buɗe. 

Ƙofar nan tawa ce, kuma taku biyar kawai na yi a bayanta.