Akushin da Ba a Taɓa Ba

Shekarar da na gama firamare, wani saurayi Bafulatani ya nemi auren yayata. Duk kaka sukan sauke shanunsu a gonarmu ta wajen Bukkuyum, su ci kara su bar mana taki, can suka ga juna. Ita kam ta mutu a kansa, ko sunansa aka ambata sai ta ƙona miya.

Ranar da baffanninsa suka zo gaisuwa, Inna ta zage ta yi tuwon shinkafar Gummi da zabi biyu. Aka kai musu zaure, Baba ya zauna yana ta yi musu bismilla. Suka sunkuyar da kai, suka yi godiya, suka tashi ba wanda ya ko buɗe akushi.

Inna ta hau sama. "Ƙyamarmu su kai! Waɗanda sunka raina tuwona ba su ɗaukar ɗiyata." Yayata ta shige ɗaki, kwana biyu tana kuka. Ni ma na ji haushinsu, ko da yake rabin haushin na zabin ne, don maƙwabta aka rabar wa.

Goggo ce ta shiga tsakani, yayar Baba, wadda ta yi zaman aure a ruga har Fillanci ya zauna a bakinta. Ta bar Inna ta gama faɗa tas, sannan ta ce, "Ke, kunya ta. Bafillace ba ya tauna gaban surukai, ko yunwa za ta kashe shi. Da sun raina ku, da sun ci." Inna ta taɓe baki. Goggo ba ta ja ba, ta ɗauki sandarta ta nufi ruga. Can kuma ta gaya musu cewa a wurinmu maido abinci zagi ne. Hankalin dattawan ya tashi ƙwarai.

Da suka dawo, Goggo ta sa aka kai akushi ɗakin baƙi, aka saki labule, ta kori kowa har Baba. Bayan sun tafi aka shigo da shi, an suɗe shi kamar an wanke.

Inna ta daɗe tana kallonsa. Na zaci dariya za ta yi, sai na ga hawaye.

"Ashe rannan da yunwa sunka koma daji, ni ina nan ina zaginsu," in ji ta. "Ku ce ma babanku a sa rana."