Jan Fenti a Gindin Katanga

Jiya bayan an ɗauke ruwa na bi ta Malali, na ga sababbin gidaje farare tas, jar laka ta fantsama ta ɓata musu katanga har gwiwa. Nan take Kawu mai fenti, ƙanin mahaifiyata, ya faɗo mini a rai.

Shekarar da na gama ginina a Unguwar Dosa, na kafe sai fari daga sama har ƙasa. Kawu bai yi musu ba. Ya durƙusa ya damƙo jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shafa a katangar, ƙanshin damina na tashi daga hannunsa.

"Ɗan nan, Kaduna ma tana da nata fentin," in ji shi. "In ba ka ba ta wuri ba, da kanta za ta shafa."

Ya yi ta haɗa launi yana gwadawa, har na kasa bambance fentin da lakar. Shi ya shafa a gindin katangar, sama ya bar mini farina.

Damina nawa ta wuce, katangar na nan kamar jiya aka gama ta. Maƙwabta duk sun kwaikwaya.

Ƙasar da ya san launinta haka, yau ita ta rufe shi. Allah Ya haskaka makwancinsa.