Matar da Ta Nemi Bizar Ƙasar Ubanta

Shekara tara na yi a sashen tantance takardu na ma'aikatarmu a Abuja. Aikin ba shi da wani armashi. Mutum zai kawo takardar haihuwa, ko ta aure, ko ta kammala makaranta, wadda wata ƙasa ta ce sai an tabbatar mata ba ta bogi ba ce. Mu duba sa hannu, mu buga hatimi, fayil ya hau sama wurin oga. A shekarun nan farar hula sun zauna a mulki, kuɗin mai yana shigowa, duk inda ka juya gini ake yi, kowa ya riƙe wayar hannu, kuma kusan kowa yana da ƙasar da yake son zuwa. Kafin ƙarfe tara benci ya cika.

Wata Talata wata mata ta zauna a gaban teburina. Ba za ta wuce talatin ba. Fara ce, idanunta ƙanana, gashinta mai santsi ta ɗaure shi a ƙeya. Na ɗauka tafintar wani kamfanin gine-gine ce, sai na yi mata Turanci. Ta amsa mini da Hausa, irin ta mutanen Kwali.

"Hajiya, ina kwana. Takardar shekaruna na kawo a buga mini hatimi."

Rantsuwar kotu ce, irin wadda ake yi wa wanda aka haifa a gida. A fom ɗinmu, wurin da aka tambayi ƙasar da za a kai takardar, ta rubuta Koriya ta Kudu. Na tambaye ta karatu za ta je. Ta ce a'a. Ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce a wani asibiti mai zaman kansa a Karu. Ubanta ɗan Koriya ne. Ta ji cewa ƙasar tana da biza ta musamman ga 'ya'ya da jikokin mutanenta da ke riƙe da fasfon wasu ƙasashe, wadda mutum zai zauna da ita shekaru, ya yi aiki, in ta ƙare a sabunta masa. Ta je shagon intanet an bugo mata sharuɗɗan, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin kowanne.

Na sake duba rantsuwar. Sunan da ke gurbin uba suna ne na mutanen nan ƙasar.

Na ce, "Wannan wane ne?"

"Kawuna ne, yayan mamana. Shi ya sa ni makaranta."

"To ai in na buga hatimi a nan, abin da na tabbatar shi ne ke 'yarsa ce."

Ta ɗauki takardar ta daɗe tana kallo. Ga alama tun tana firamare take rubuta sunan, ba ta taɓa karanta shi ta wannan fuska ba. Ta yi godiya ta fita, na kira na gaba.

Bayan mako biyu ta dawo, ba da takarda ba. Ta ce tana son zuwa ofishin jakadancin ta ji daga bakinsu, amma tana tsoron a yi mata bayani ta kasa riƙewa, ni kuwa na san harshen takardu. Ba zan ce tausayi ne ya sa na yarda ba. Na gaji da ganin takardu suna fita daga hannuna ban san inda suke ƙarewa ba. Na ce ta zo ranar Alhamis lokacin hutun azahar.

Jami'in da ya saurare mu matashi ne, mai ladabi. Da ya ɗaga ido ya gan ta, sai ya yi mata magana da yarensu. Ta tsaya tana kallonsa. Ya ba da haƙuri ya koma Turanci a hankali. Yadda na fahimta a ranar, bizar ta waɗanda suka taɓa zama 'yan ƙasar ce suka koma wata, da zuriyarsu. Ban da fasfo da hoto da fom da shaidar 'yan sanda cewa ba ta da laifi, abu biyu ne ginshiƙi. Na farko rajistar iyali ta uban, wadda hukuma take ajiyewa a can, mai ɗauke da sunansa da na matarsa da na 'ya'yansa. Na biyu takardar da ta haɗa ta da shi.

Sai ya tambaya ko iyayenta sun yi aure a takarda. Ya ce in sun yi, mai yiwuwa ita 'yar ƙasa ce tun haihuwa, ba maganar biza ake ba, wata hanya ce daban. In ba su yi ba, kuma bai sa sunanta a rajista ba, to sai kotu a can ta tabbatar da nasabar, galibi da gwajin jini.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ka ga fuskata ba?"

Ya ce ya gani, kuma shi a ransa ba ya shakka. Amma ba a ba shi ikon rubuta abin da ya gani ba. Ya ce ta fara samo sunan uban da harafinsu, da ranar haihuwarsa in da hali.

Ranar Asabar na ɗauke ta a motata muka kama hanyar Lakwaja zuwa Yangoji, garinsu da ke kusa da Kwali. Maigidana ya tambaye ni ko wannan ma aikin ofis ne, na ce rabi da rabi. Mun tarar uwar ta dawo daga gonar doya, tana wanke ƙafa a bakin randa. Gajeriyar mace ce mai ƙarfin jiki. Kawun yana zaune ƙarƙashin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya. Aka kawo mana kujerun roba da ruwa.

Uwar ta ba da labarin ba tare da an matsa mata ba, da Hausarta wadda ba ta raba mace da namiji. Lokacin da ake fara gina Abuja, wani kamfani ya kafa sansani kusa da garin. Tana budurwa tana kai musu abinci. Shi makanikin manyan motoci ne, ba ya jin Hausa, Turancinsa kaɗan. Ya zo wurin babanta da tafinta, da akuya da atamfa da abin sha, aka ba shi ita bisa al'ada. Ba coci, ba kotu. Shekara uku suka yi, a ciki aka haifi yarinyar. Yana goya ta a wuya ya zaga da ita kasuwa, mutane suna dariya.

Ta ce, "Aiki ya ƙare, mota ya zo ya kwashe su. Ya yi kuka, ni ban yi ba. Na san ba zai dawo ba. Mutum mai kirki ne, amma baƙo ne."

Wasiƙa biyu ya aiko, da wata rigar sanyi mai kauri da ba ta da amfani a Kwali. Daga nan shiru. Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin biskit. A ciki akwai hoto, da ambulan guda mai adireshi a baya, da tsohon katin shaidar aiki wanda sunansa ke jiki da harafinsu da na boko, har da ranar haihuwa. Ni da na saba da takardu na san wannan katin ya fi duk abin da muka zo nema.

Na yi bayanin cewa sai an sake rantsuwa a kotu, a cire sunan kawu, a sa na uban, kuma shi kawun ne ya fi dacewa ya rantse. Ya ajiye fartanyar.

Ya ce, "Hajiya, da sunana ta shiga makaranta. Da shi ta ci jarrabawa, da shi ta samu aiki. Yanzu ni zan je gaban alƙali in ce ba ni ba ne?"

Ita 'yar ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, takarda ce kawai."

Ya ce ya sani. Ya tashi ya shiga bayan gida, mu kuma aka kawo mana sakwara muka ci. Da za mu tafi an zuba mini doya a but ɗin mota har sai da na ce ya isa. Bai fito sallama ba.

Ranar Litinin ta kira ni. Ta ce da sassafe kawun ya sa kayansa na zuwa coci, ya hau mashin zuwa kotu a Kwali, ya yi rantsuwar, ya dangwala yatsa. Ya kawo mata takardar har Karu da kansa, ya ƙi zama ya sha ruwa. Wannan takardar ni na buga mata hatimi.

Saura rajistar iyali. Akwai wata malama 'yar Koriya da ke koyar da kiɗa a wata makaranta kusa da gidanmu a Gwarinpa, ita ta karanta mana ambulan ɗin ta rubuta wasiƙa. Wasiƙar ta dawo bayan wata biyu. Malamar ta ce an rushe unguwar tuntuni an yi dogayen benaye. Ba ta haƙura ba, ta sa wani ɗan'uwanta a can ya bi ta wurin tsofaffin ma'aikatan kamfanin. Damina ta wuce, aka shiga rani. A tsakanin nan shaidar 'yan sandan da matar ta karɓa ta tsufa, hotunan ma haka. Ta sayi littafin koyon yaren, ta iya karanta harafin, tana karanta sunan uban a katin da kanta.

Amsar ta zo ta imel, daga wani mutum da ya ce shi ɗan uban nata ne na fari. Mu uku muka zauna a falona, malamar tana karantawa tana fassarawa zuwa Turanci. Uban ya rasu shekaru da suka wuce, ciwon hanta. Yana da mata tun kafin ya zo Nijeriya, tana nan da rai, ta tsufa. Ɗan ya ce ya taɓa ganin hoton wata jaririya a cikin kayan mahaifinsu, bai san ko wace ce ba, yanzu ya sani. Ya haɗo kwafin rajistar. Malamar ta bi sunayen da yatsa: shi, matarsa, 'ya'ya maza biyu. Ta kai ƙarshen shafin ta tsaya.

A sakin layi na ƙarshe ya ce ya san abin da kotu za ta nema, kuma bai musa cewa ita ƙanwarsa ce ba. Amma mahaifiyarsa ba ta san komai ba, kuma muddin tana raye ba zai ba da jini ba, ba zai shiga kotu ba. Ya roƙi a yafe masa.

Malamar ce ta yi hawaye. Ita matar ta nemi a sake karanta mata wurin hoton jaririyar, aka karanta. Sai ta ce, "To, ba laifi." Ta tambaya ko akwai ruwan sanyi.

A mota, ina mayar da ita tasha, na ce akwai lauyoyi a can da ke irin wannan shari'ar ko da dangi ba su yarda ba. Ta ce ta sani, malamar ta faɗa mata.

"Anti, tsohuwa ce. Ba ita ta yi ba. In je in tayar mata da hankali don biza?"

A ganina tana da haƙƙi, kuma da ni ce da na bi shi. Amma ba ni ba ce.

Bizar zuriya dai ba ta samu ba. Shekarar da ta biyo baya ta nemi ta ziyara, irin wadda kowa ke nema, da wasiƙar wurin aikinta da takardar gayyata daga ɗan'uwan malamar. Aka ba ta. Kwana goma ta yi. Da ta dawo ta kawo mini ganyen shayi da wata ledar busasshen ganyen teku da yarana suka ƙi ci. Ta ce yayan nata, wanda ya aiko imel ɗin, ya tarye ta a tashar jirgin ƙasa, ya kai ta kabarin a gefen wani tsauni, ya nuna mata yadda ake durƙusawa, ta yi. Suka ci abinci a wani ƙaramin gidan abinci. Ya yi ta zuba mata nama a kwano. Ta ce tafiyarsa irin tata ce, yana jefa ƙafar hagu waje. A titi kuwa ba wanda ya ɗauke ta 'yar ƙasa. A can baƙa ce.

Ba da daɗewa ba aka yi mini canji zuwa wani sashe, zumuncin ya ja baya. Na ji ta yi aure, ban samu zuwa ba. Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Gwarinpa ce, wurin masu kayan miya, tana da tsohon ciki, mijinta yana jira a mota. Ta buɗe nata ɗakin gwajin a Gwagwalada. Ta ce kawu ya rasu bara, ita ta yi jinyarsa. Ta ce kuma yayan nata ya rubuto, tsohuwar ta rasu, a shirye yake ya ba da jini duk lokacin da take so.

Na ce, "To yaushe za ki fara?"

Ta ce ba ta ba shi amsa ba tukuna. Ga ciki, ga sabon wuri, ga mama ta fara ciwon gwiwa ba ta iya zuwa gona. Wataƙila don yaran, in sun girma suna so. Mijin ya danna hon, ta karɓi ledar tattasai, muka yi sallama.