Kafofin Iskar da Wietske Ta Toshe

Na Allah ne mu, kuma gare Shi komawarmu take. Ranar Asabar, goma sha biyu ga watan Afrilu, aka tarar da gawar aminiyata Wietske Terpstra a cikin tirelarta ta kwana, irin ɗan ɗakin nan da mota ke ja, a sansanin hutu na bakin tafki kusa da garin Sneek. Mai kula da wurin ya ga hantsi ya yi labule bai motsa ba, ya ƙwanƙwasa shiru, ya ɓalle ƙofa. Ta bar 'yarta Nynke da jikoki biyu.

Wietske, fushi nake yi da ke. Na yi alwala, na yi istigfari, bai sauka ba. Na san ajali ba ya gaggawa kuma ba ya jinkiri, wannan tun ina riƙe da allo na san shi. Amma Wanda ya rubuta ajalin Shi ne ya ba mu hankali, kuma naki ya fi na yawancinmu.

Ba zan ci haƙƙinki ba. A masallacin Leeuwarden muka haɗu, ke kin daɗe da musulunta, ni kuwa sabuwar zuwa ƙasar ce, ko burodi ban iya saya ba. Ke kika koya mini hawan keke, kina gudu a bayana kina cewa, "Malama, duba gaba, ƙasar nan ba inda za ta je." Lokacin jinyar maigidana, miyar wake kika riƙa ajiye mini a bakin ƙofa, ki danna ƙararrawa ki tafi, don kada in wahala da godiya.

Bara kika jawo tsohuwar tirelar nan daga rumbun wani manomi. Danshi ya cinye bangonta, tana warin fumfuna, ɓeraye sun yi gida a katifa. Na ce miki wannan ai sai bola. Kika ce, "Ni da ita sa'o'in juna ne, kuma ni ba a kai ni bola ba tukuna." Duk sanyin bana a kan gyaranta kika yi shi. Kika ɓamɓare ruɓaɓɓen katako, kika kafa sabo, kika shafa fenti ruwan ƙwai. Ni na ɗinka labulen da rigunan matasai. Kika gyara teburin yadda zai naɗe jikin bango, don mace biyu su sami wurin sujada. Da muka gwada, kanki ya daki ƙofar kabad, muka sallame muna dariya.

Amma ke 'yar ƙasar nan ce har ɓargo. Za ku tuƙa keke cikin ruwan sama da iska mai tuge bishiya, ku ce lafiya lau, amma 'yar siririyar iska ta kutso ta ƙarƙashin ƙofa ta taɓa muku wuya, sai gida ya tashi. Tirelar tana da kafofi a ƙasa da rufi, waɗanda maƙeranta suka bari da gangan. Ke kika ga ɓaraka ce. Kika toshe su da katako da gam, kika shimfiɗa sabuwar leda a kai, na rufin kuma kika cusa masa soso. Sai bayan rasuwarki na san haka. Abin da na sani shi ne, da mijin Nynke ya ce a kira mai duba kayan gas ya ga tsohuwar hitar ɗumama ɗakin, sai kika harare shi.

"Yaro, tun ba a haife ka ba nake riƙe guduma. Je ka fara gyara famfon gidanka da ke ɗiga."

Duk muka yi dariya. Kika tafi kwanan gwaji ke kaɗai, sanyi ya sauko, kika kunna hita. Masu bincike sun ce ta cika ɗakin da guba marar wari, kuma babu inda gubar za ta fita.

Ni na yi miki wanka. Da sauran fenti a ƙarƙashin farcenki, kumatunki kuma jajir kamar mai ƙoshin lafiya, wanda likita ta ce aikin gubar ne. Bayan jana'iza, wurin shan kofi da kek, maƙwabta suka riƙa cewa kin yi kyau, kin tafi cikin abin da kike ƙauna. Na ajiye kofina na fita waje. Ba fenti kike yi ba, ba kuma zaune kike a bakin tafki ba. Iska ce ta ƙare miki a ɗakin da kika liƙe da hannunki, kuma duk mai ƙawata wannan magana yana shirya wa wani irinta.

Ban san wanin yana kusa haka ba. Da aka dawo da tirelar ƙofar gidanki, Nynke ta ce mini in an yi hutun makaranta za ta kai yaran su kwana a ciki.

"Sai an buɗe kafofin, an kuma cire hitar," na ce.

"Anti, ba wanda zai taɓa komai. Yadda Mama ta bar ta, haka za ta zauna. Aikinta na ƙarshe ke nan."

"Aikin nata ne ya kashe ta."

"Ba za mu kunna hita ba."

"In ƙaramin ya fara kukan sanyi, za ki kunna. Uwa ce ke."

Ta ce wannan ba gidana ba ne, kuma gaskiya ta faɗa. Ba na sa hannu a kayan mutum ba da izininsa ba. Sai na ɗauko wuƙar leda daga akwatin aikinki, na ajiye a kan tebur, na zauna a bakin ƙofar tirelar. Na ce mata ba zan yanka ba, ba kuma zan tashi ba. Ta ce taurin kaina ya fi naki. Na ce a wurinki na koya.

Mun daɗe a haka. Daga baya ta durƙusa tana shafa ledar da tafin hannu har ta ji inda katakon yake. Ta yanka, ta sa sukundireba ta ɓamɓare shi, tana kuka tana yi miki faɗa da harshenku. Iska mai sanyi ta taso ta bugi ƙafafunmu. Soson rufin ni ta miƙa wa kujera na ciro. Washegari mijinta ya kira mai gas ya kwance hitar.

Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa Wietske, Ka yalwata mata kabarinta, Ka karɓi alherin da ta yi wa baƙi irina, kada Ka kama ta da kuskuren da ba ta yi da nufi ba. Ni ma Ka sanyaya mini zuciya a kanta, don har yanzu ban huce ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Nynke da mijinta da dangin Terpstra baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya yaran nan, su kwana a ɗakin kakarsu su tashi lafiya. Amin.

Saude Garba, Leeuwarden