Ranar da Baba Maigadi Ya Gyara Mini Wayoyi

Ni dai bokona bai yi nisa ba, a aji biyu na sakandare na tsaya, amma ba wanda zai koya mini waya. Na daɗe ina gyaran rediyo a Kaura Goje kafin wayar hannu ta kashe mana kasuwa. Da shago ya mutu, Yaya Alhaji ya ba ni ɗaki a boskwatan gidansa da ke Nassarawa, kuma har yau bai gaji da faɗa wa baƙi cewa shi ya ba ni ba.

A nan na samu akwatin. Wani Bature da ya yi haya a gidan da ke jikin namu ne ya bar mini shi da zai tashi, don ni nake duba masa janareta. Sintisaiza ake ce masa. Ba irin wanda za ka danna ya rera maka waƙa ba ne. Akwati ne mai layi biyu, cikinsa ƙananan na'urori a jere, kowacce da aikinta guda: wannan ta haifi ƙara, waccan ta tace ta, wata ta yayyanka ta gunduwa-gunduwa. Kai za ka haɗa su da gajerun wayoyi masu launi, daga wannan rami zuwa wancan. Kuma ba ya riƙe komai a ka. Abin da ka haɗa a jikin wayoyin yake. Ka zare su, ya tafi.

Wuri ya yi kaɗan a akwatin, sai na yanka kwalin shayi daidai faɗin kowace na'ura, ina jera su a tabarma ina sauya musu mazauni kamar mai rabon gado. Wadda hannu ke yawan taɓawa ta sauko ƙasa, wadda ba ta son zafi ta yi nesa da inda wuta ke shiga. Hajiya, matar Yaya, ta leƙo wata rana ta gan ni a tsugune.

"Malam, duba ka fara?"

Na ce, "Eh, Hajiya. Har na hango yau ma ba nama a kwanon boskwata."

Wata la'asar da damina, ina ta soke-sokena, sai bugu biyu suka fara bin juna. Ɗaya mai nauyi, ɗaya siriri, wannan ya sauka wancan ya tashi, can kuma wani ɗan tafi ya shigo tsakani. Na saki hannu. Lugude ne sak, irin wanda Innarmu da ƙanwarta suke yi a turmi guda muna yara a ƙauye, har da tafin da ake yi in an cilla taɓarya sama. Ban san yadda na yi na same shi ba, wayoyin sun hau kan juna kamar taliya. Ban ɗauki sautin a wayar hannu ba, don ina cewa sai na ƙara gyara nauyin bugun. Makonni ban zare ko ɗaya ba. Ko shara a ɗakin da sanɗa nake yi.

Sai 'yar Yaya ta haihu, aka sa suna a gidan. Ana gobe suna Yaya ya kira ni gindin mota.

"Wannan abin naka, gobe ka fito da shi ka yi wa mata kiɗa."

"Yaya, ba a ɗaga shi."

"To mene ne amfaninsa? Wutata yake sha."

Na ce to. Irin to ɗin nan da ake ce wa babba a bar magana ta mutu da kanta. Niyyata da safe in ce fis ya ƙone. Amma ana idar da raɗin suna ya tura ni Gama in ɗauko mahaucin da zai gyara rago, mahaucin kuma ya tsaya shan koko kamar jikansa aka haifa.

Da na dawo, ga akwatina a ƙarƙashin rumfa, a kan teburi, an shimfiɗa masa har da zani. Fuskarsa fes, ba waya ko ɗaya. Baba maigadi na tsaye a gefe yana murmushi. Dattijo ne mutumin Jigawa, shi ke kula da lasifikar masallacin layinmu, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: waya ba ta zama a jone. Ana sallamewa zai zare, ya naɗe a gwiwar hannu, ya rataye a ƙusa.

"Malam, ka ga aiki?" in ji shi. "Ja da ja, shuɗi da shuɗi. Na tarar da su a cukurkuɗe, na ce wannan bawan Allah ba shi da mataimaki."

"Baba, wa ya aike ka?"

"Alhaji mana. Ai ba a ɗaukar kaya da waya a jiki."

"Ka tuna inda ko guda ɗaya take?"

Ya ɗan yi tunani. "Duk a rami suke."

Zagi ya zo mini har maƙogwaro, amma mutumin ya haife ni, ga shi kuma jiran godiya yake. Na ce Allah ya saka. Ya ce amin, ba komai, yi wa kai ne.

Mata sun cika rumfa, ba halin gudu. Na kwance ƙullin jajayen na fara sokawa yadda nake zaton suke. Abin da ya fito kukan ƙofar da ba ta ga mai ba ne. Na sauya rami, ya koma kwaɗo. Wata gwaggonmu ta ce, "Ɗan nan, gyara kake ko ka fara?" Aka kwashe da dariya. Hajiya ta sa aka jona wayarta a lasifika, rawa ta kankama, ni kuma na rungumi akwatina na koma baya, Baba na biye da ni da wayoyi a hannu bibbiyu kamar mai rakiyar lefe.

Na nemi luguden nan har damina ta wuce, wata ta zo. Na sha samun bugun mai nauyi, na sha samun siririn, amma sun ƙi shiga turmi ɗaya, tafin kuwa ko alamarsa. Na gaya wa Yaya abin da aka yi mini, ya ce in Innarmu nake son tunawa in yi mata addu'a, ya fi ƙara amfani. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi.

Na sayo kwaɗo na sa wa ƙofar ɗakin. Da yamma Yaya ya aiko a tambaye ni ko a gidansa ɓarayi ne. Na ce a gaya masa a'a, masu taimako ne.