Fatar Akuya a Murfin Tanki

Har yau ban manta da ranar da murfin tankin fetur ya kusa raba Malam Isa da aikinsa ba. Da damina ne, shekara guda bayan samun 'yancin kai, muna aiki a Fatakwal ƙarƙashin wani kamfanin katako. Lokacin ban iya karatun boko ba. Yanzu da nake zuwa ajin manya na ga ya kamata in rubuta muku labarin da hannuna.

Ga yadda tsarin yake. Akwai Bature manaja, ƙarƙashinsa heluma, wato shugaban leburori, wani mutumin gabas mai suna Okon. Sai mai zarto, sannan mu leburori. Zarton inji ɗaya tak muke da shi, kuma Malam Isa aka damƙa wa, don hannunsa ba ya rawa. Baduku ne kafin ya zo kudu, yana da iyali bakwai a ɗaki biyu a unguwar Mile 2. Ni kuwa shayi na sayar shekara shida a tashar Mile 3 kafin in kama leburanci, shi ya sa kowa ke ce mini Mai Shayi. Aikina ɗaukar galan ɗin fetur.

A makon da abin ya faru zarton ya tsiro da wani hali. Yakan tashi lafiya, ya ci itace kaɗan, sai ya fara shaƙewa ya mutu. Bakanike ya canza filogi, ya wanke kafireta har sau biyu, duk a banza. Ranar Alhamis kuma ruwa ya kayar da wata ƙatuwar bishiya ta gitta hanyar da motocinmu ke bi. Manaja ya zo ya tsaya ƙarƙashin laima, ya ga zarton ya mutu sau uku a gabansa. Ya yi wa heluma magana, ya shiga mota ya tafi.

Okon ya zo ya faɗa mana da Turancin buroka. Manaja ya ce injin sabo ne, mai riƙe da shi ne ya lalata shi. Zai dawo ƙarfe biyu. In ya tarar da bishiyar a kan hanya, Malam Isa ya ajiye aiki.

Malam Isa ya koma wurin zarton. Ya tsuguna ya buɗe murfin tanki don ya ga ko mai ne ya ƙare. Ina tsaye kusa da galan, sai na ji murfin ya yi wani ɗan sauti, kamar mutum ya ja numfashi. Na tuna duk lokacin da ya buɗe haka nake ji, kuma da ya rufe sai zarton ya tashi na ɗan lokaci.

Sai gwangwanin madara ya faɗo mini a rai. Duk mai shayi ya san in ka huda gwangwani wuri ɗaya, madara za ta ɗiga kaɗan ta tsaya. Sai ka yi huda ta biyu iska ta shiga, sannan ta zubo.

Na tsuguna kusa da shi na ce, "Yaya Isa, ba ni murfin nan in gani."

"Abin da ya gagari bakanike, kai za ka zuba masa sukari ne?"

"Ba ni dai."

Na juya murfin. Ta waje akwai wata 'yar huda kamar ta allura. Ta ciki kuwa jar fata ce zagaye, an yanka ta tsaf ta rufe cikin murfin gaba ɗaya.

"Wannan aikin Turawa ne?" na tambaye shi.

Ya waiga ya ga Okon na nesa, sannan ya yi ƙasa da murya. "Robar murfin ce ta tsage, fetur na jiƙa mini wando. Na karɓo fatar akuya wurin majema na yanka. Tun ranar ko ɗigo bai zuba ba."

"Bai zuba ba, amma ka toshe wa tankin hanci. Mai ba zai sauka ba sai iska ta shiga."

 Dokar kamfani ita ce ba mai taɓa inji sai bakanike. In muka gyara a ɓoye, ba wanda zai sani. Amma Malam Isa ya miƙe ya kira heluma da kansa, ya nuna masa fatar, ya faɗa masa abin da na gano, ya ce shi ya sa ta, laifinsa ne.

Okon ya dubi fatar, ya dube ni. "Mai Shayi, ka tabbata?"

"In ba haka ba ne, a kore mu tare."

Malam Isa ya zaro 'yar wuƙarsa ta dukanci, wadda ba ya rabuwa da ita. Ya ƙwaƙule tsakiyar fatar ta koma kamar zobe, hudar ta fito fili. Ya ɗaure murfin, ya ja igiya. Muka tsaya muna jiran ya shaƙe inda ya saba. Bai shaƙe ba. Ya ratsa gindin bishiyar har ƙasa, ya shiga reshe na biyu, na uku, bai tsaya ba sai da tankin ya bushe. Kafin ƙarfe biyu mun mirgina gungume na ƙarshe gefen hanya, har mun yi azahar.

Da manaja ya dawo, Okon ya gaya masa komai, bai rage ba. Baturen ya daɗe yana juya murfin a hannunsa. Sai ya ce sabuwar roba ba za ta iso ba sai jirgi ya zo, saboda haka Malam Isa ya yanka wa injin ban ruwa da na yankan ciyawa irin zoben nan, don su ma suna yoyo. Maganar kora ba ta sake tashi ba.

Abin da na koya shi ne, in inji ya mutu, ku fara duba ƙaramin abu kafin ku kwance babba, kuma ku tambayi kowa sana'ar da ya baro. Malam Isa ya yi shekara tara da zarton nan. Har ya bar aiki, duk safiya kafin ya ja igiya sai ya miƙo mini murfin ya ce, "Mai Shayi, duba mana hancin."