Sharar da Mairam Mai Takarda Ta Yi wa Baƙo

Mairam ta zo Haɗeja daga wajen Tafkin Cadi tana amarya, tare da mijinta Ari mai bandar kifi. Shi yana fama da hayaƙi, ita kuwa ta lura masu sayen kifin ba su da abin ƙunshewa. Sai ta riƙa bin magina tana karɓar buhunan siminti da aka zazzage. Fallen ciki mai ƙura na murhu ne. Na tsakiya take kakkaɓewa, ta goge, ta yanka da wuƙa: ƙarami na ƙosai, matsakaici na tsire, babba na tarwaɗa. Har masu kai kifi Kafin Hausa da Guri wajenta suke biyowa. Da wannan takarda ta raini 'ya'yanta.

Abu ɗaya ne Mairam ba ta iya jurewa, baƙo ya iske wuri da datti. Ari yakan ce in ka daɗe zaune a tsakar gidansu, da kai za a haɗa a share.

A farkon shekarun casa'in leda ta cika gari. Wata damina kwatar bayan kasuwa ta toshe, ruwa ya shiga rumfuna. Masu sayar da leda suka ce takarda ce ta jiƙe ta cushe hanyar ruwan. Magana ta kai ofishin tsabta, aka ce za a turo duba-gari ya ga abin da ke zube. In takarda ce, za a hana ƙunshi da ita. Kowa ya san tukunyar wa za a sauke.

Duba-garin shi ne Malam Irmiya, wani dogon mutumin Filato mai keke. Da yake mai ladabi ne, sai ya aiko cewa ran Talata zai zo.

Talata da sassafe Mairam ta tara matan kasuwa. Aka share lungu da saƙo, aka yashe kwata, aka zaƙulo ledojin da suka shekara a ciki, aka loda a amalanke aka kai bayan gari. Da hantsi Malam Irmiya ya iso. Ya zaga, ya leƙa kwata, ya sake zagawa. Abin da ke ƙasa kawai takardun ƙosan da aka ci da safiyar nan.

Ya jingine keke a rumfar Mairam ya ce, "Iya, kasuwarku kullum haka take?"

"Haba ɗana, kai da ka aiko za ka zo? Ma bar ka ka taka ƙazanta?"

"To ledojin fa?"

Ta ce, tana murmushin wadda ta yi abin yabo, "Mun kwashe maka su. Amalanke cike."

Malam Irmiya ya cire hula ya yi dariya har da riƙe ciki. "Iya, kin kori shaidunki, kin bar na masu ƙararki. In na faɗi abin da na gani yau, takarda kaɗai na gani."

Ari ya leƙo daga bayan bandarsa ya ce, "Malam, ka ga abin da nake gani."

Mairam ta ce, "Juya kifinka, yana ƙonewa." Amma murmushin ya tafi.

Malam Irmiya ya ce kasuwar da aka yi wa kwalliya ba za ta faɗa masa gaskiya ba. Zai riƙa dawowa ba sanarwa, da ruwa da rana. Gaban rumfarta ta share yadda ta saba, amma kwata kada a taɓa.

Waɗanda suka san Mairam sun ce ko ciwon haƙori bai taɓa wahalar da ita kamar makonnin nan ba. Da ta hango keken sai hannunta ya kai ga tsintsiya da kansa, har Ari ya ɗauke tsintsiyar ya ɗora bisa rufin rumfa. Malam Irmiya yakan tsuguna bakin kwata da sanda yana tonawa, ita kuwa ta juya baya don kunya.

Abin da ya gani, ya faɗa a ofis ba ragi. Takarda takan ruɓe, ko akuya ta cinye, ko a hura wuta da ita. Leda kuwa tana nan yadda aka yar da ita. Amma bai wanke takarda tas ba, don ya iske dunƙulen takardun masu tsire a bakin kwatar. Ba a hana kowa sana'a ba. An dai ajiye ganga a kasuwa don zuba shara, aka kuma ja kunnen kowa.

Ranar da ya kawo labarin, Mairam ta yi hamdala a taƙaice, sannan ta ce, "To ɗana, ka gama dube-dubenka?"

"Na gama, Iya."

"Ari, sauko min da tsintsiyata."

Malam Irmiya bai ko hau kekensa ba ta fara daga ƙarƙashin taya. Ari ya ce, "Ɗaga ƙafarka, Malam, kada a kai ka bayan gari."